Na Bakwai

Tun da Bar-su ya mutu cikin damina
kwanonsa na nan kife gindin bedi.
Ba wanda ya ɗauke, ba wanda ya ce a ɗauke.
Dare kuwa ya gane hanyar gidanmu:
akuya biyu, batirin babur,
har igiyar shanya ba a bar mana ba.

Ran Lahadi na ɗora Barira a baya,
muka bar Bagalam, muka bi gefen Gulbi,
garake kore shar, ana ban ruwan tumatir,
yashi na cin taya har Jiratawa.

Nomau mafarauci na zaune yana gyaran gora.
Bai tashi ba. Da haɓa ya nuna ƙarƙashin rumbu.
Can karya ke kwance, haƙarƙari a waje,
'ya'ya na tumurmusa a cikinta.

Ni da ilimina na zo, gadon Baba:
a ɗaga ta ƙeya, mai kuka a ajiye shi;
a buɗe baki, baƙar ganda ake so;
a auna dagi a tafin hannu;
a tafa da ƙarfi, a ga wa zai ruga,
wa zai tsaya ya dube ka.

Wani ja ya cinye duka.
Ƙirji kamar gindin turmi,
ya kama yatsana ya ƙi saki.
Nomau ya ce, wannan in ya girma
kura ma sai ta yi shawara.
Na fara laluben aljihu.

Na waiga, ba Barira.
Tana bayan rumbu, durƙushe, ƙafa ɗaya ba takalmi.
Shida na ƙirga ɗazu, ashe bakwai ne.
Wanda 'yan'uwa suka ture daga nono,
launin toka, kunne ɗaya a karye,
ya shige silifa ɗinta ya yi barci.

Na ce, ba abokin wasa muka zo nema ba,
mai gadi muke so, kin ji abin da aka yi mana.
Ba ta ɗago kai ba.
Ta ce, Inna ta ce shi ma Bar-su
a aljihun riga ka kawo shi.

Wallahi na manta.
Shekara goma sha ɗaya yana cika ƙofa,
har na ɗauka haka aka haife shi.

Nomau ya tofar da tukar goro.
Ya ce, jan nan kowa na so, gobe ma a zo.
Wancan, in kun bar shi, ba zai ga kaka ba.
Na miƙa jika biyu, ya ture hannuna:
ba na cinikin abin da ban tabbatar da kwanansa ba.
In ya rayu, ka kawo mini goro.

A kwalin sabulu muka dawo da shi.
Kafin Sumarana ya jiƙa mata zani,
ita ko sai dariya, iska na kwashewa.

Tabawa na bakin ƙofa, hannu a ƙugu.
Ta ce, iyakarsa tsakar gida.
Ban da ɗaki, ban da randa, ban da tabarmar salla.
Ta leƙa kwali, ta daɗe tana leƙe.
Wannan ne zai kori ɓarawo?
To, mu gani.

Sunan ke nan ya bi shi. Mu-gani.

Da magariba na ji ƙarar ƙarfe gindin bedi.
Ita ce ta birkice kwanon,
ta wanke shi da toka har sau biyu,
ta zuba koko, ta taɓa da yatsa ko ya huce.

Har yau da sarƙa nake ɗaure babur.
Jan nan ma, ba zan ɓoye ba, yana faɗo mini a rai.
Amma jiya tsakar dare na ji wata 'yar murya,
siririya, tana karyewa a tsakiya.
Na fito da tocila da sanda.
Kwaɗo ne bakin magudana.
Mu-gani ya tare shi, ƙafafu na rawa,
ya ƙi ja da baya.

Na tsaya nan cikin sauro
ina lissafin kuɗin ƙwaryar goro.