Gungu Mai Tuta

Dantani ya yo waya bayan la'asar
daga ƙasar da aka tura shi koyarwa.
Na kai wa Iya Tabawa a rumfa,
tana ware albasar da ta soma ruɓewa.

Ya ce, "Iya, ƙasar nan loma guda ce.
In ka hau babur da hantsi,
kafin azahar ka dawo inda ka tashi.
Gabas teku, yamma teku,
ko'ina ka juya sai bakin ruwa."

Ta ce, "To ai gungu ne.
Ka ce gungu, ka huta da zagayawa."

Ya ce, "Gungu ne, amma da tuta,
da shugaba, da kuɗi mai hoton kifi.
Jama'arsu kaf ba su kai na ƙasar Yawuri ba,
amma in duniya ta taru shawara
akwai kujerarsu, kuma ana saurarawa.

Kakanninsu jirgi ne ya zube su,
wasu da mari a ƙafa,
wasu da takardar ƙodago,
don su sare wa Bature rake.
Rake ya ƙare, Bature ya tafi,
suka haɗa harsuna biyar a tukunya ɗaya
kamar faten da ya sha motsawa."

"Me suke shukawa?"
"Kwakwa, ayaba, ɗan rogo."
"Albasa fa?"
"A jirgi ake kawowa."
Iya ta yi dariya har da tari.
"Gungu ba albasa! Da me suke taƙama?"
Ya ce, "Da kifi, da baƙi.
Baƙi su zo su baje kan yashi kamar kada,
rana ta gasa su, su biya, su koma.
Ruwan kuwa gishiri ne, ba ya shayuwa,
na sama suke tara wa."
Ta ce, "Ga ƙoshi ga kwanan yunwa."

Sai muryarsa ta sauka.
"Iya, tekun yana matsowa.
Bara ya ci filin ƙwallo,
bana ya leƙa maƙabarta.
Ɗalibaina na tambaya ta,
in ƙasa ta nutse, ina ake kafa tutar?"

Wuƙar Iya ta tsaya cikin albasa.
Kaza ta zo ta tsatsi buhu, ba ta kore ta ba.

Na san inda ta tafi.
Tsakiyar Kwara, gungunsu,
kafin Kainji ya tare ruwa ya kumbura.
Masu awo sun zo da jan fenti,
suka sa wa mutane wata da rana.
Aka ba su ɗakunan siminti a tudu,
masu zafi kamar tanderu.
Jirgi ya cika, uwarta ta ce a zaɓa:
akuya ko dutsen niƙa.
Aka ɗauki mai kuka.
Har yau in ruwa ya ja baya,
masunta kan ce taru na sarƙewa
a kan wani abu mai rassa.
Iya ta ce tsamiyarsu ce, ba ta tantama.

Ta karɓi wayar da hannu biyu.
"Dantani, ka faɗa wa yaran nan,
mu ba mu da tuta, ba wanda ya tambaye mu.
Su da ke da kujera, su yi ta magana.
In kuma ranar ta zo,
su ƙirga kaburbura, su riƙe sunaye,
su ɗebi ƙasa ko cikin ƙoƙo.
Akuya ana samunta a kowace kasuwa.
Su ɗauki dutsen."

Tun a "kaburbura" layin ya yanke.
Na gani, ban faɗa ba.
Ta ci gaba da lissafa musu kaya,
iri, da igiya, da waƙar daka,
har aka kira magariba a Yelwa.