Taki Biyu da Yatsa Uku

Tanimu ya shigo da gawarta a buhu,
ya zazzage min ita a kan benci:
ciki ya fashe kamar ƙwaryar da saniya ta taka,
wuya daban, kunnuwa daban.
Buhun albasa ne ya zame, in ji shi,
a hawan dutsen nan kafin Bur Sudan.
"Usta, yi min wata, amma ƙarama,
wadda za ta kwanta bayan kujerar direba,
wadda ta san ita ma tana tafiya."

Na je na auna wurin da hannuna.
Taki biyu da yatsa uku,
tsakanin jarkar ruwa da akwatin sifana.
Nan aka ce in zaunar da mandolin,
da muryarta, da takwas ɗin tsirkiya.

Ta fari na rage mata ciki da yawa.
Da na taɓa, sai kukan sauro.
Yaran Maiurno da ke leƙe ta taga
suka watse suna dariya.

Ta biyu ta yi murya, har na yi fariya.
Ya kai ta Gadarif da kakar riɗi,
kwana tara rana na dafa kan motar,
gam ya saki, wuya ya sunkuya
kamar mai neman allura a ƙasa.
Ya maido ta bai ce uffan ba.
Da zagina ya yi, da na fi kwana lafiya.

Sai na ajiye fensir, na gangara bakin kogi.
Akwai mataccen kwalekwalen Siddiku,
shekara goma yana kife a yashi.
Bagaruwa ce. Ta sha ruwa, ta sha rana,
ba sauran abin da zai ba ta mamaki.
Na karɓi katako ɗaya
a kan kofin jabana biyu da godiya.

Bayanta na shimfiɗe shi, ban yi mata tumbi ba:
tulu na mazaunin gida ne,
matafiyi salka yake ratayawa.
Fuskar kuwa daga akwatin shayi na fere ta,
na yi ta kankara har hasken fitila
ya fara ratsa itacen.
In ƙwanƙwasa, in kai kunne,
in ƙara kankara, in sake saurare.
Na binne siririn ƙarfe a tsakar wuya
don kada rana ta sake sa ta ladabi.
Tsagi goma sha biyar, kowane ya fi na baya matsuwa,
kuskuren gashi guda, sauti ya yi ƙarya.
Kunnuwan na mai da su gindi don kai ya gajarta.
Jakinta ƙashin raƙumi ne,
ɗan jaki mai kaya takwas
da ba ya neman dusa, ba ya neman rijiya.

Daren da na ɗaure ta aka ɗauke wuta.
Na ja su biyu-biyu cikin duhu,
kowace da abokiyar hirarta,
har suka daina musu.
Muryar ba ta cika ɗaki ba.
To kan mota ai ba ɗaki ba ne,
mutum ɗaya ne, da dare, da hanya.

Kakana da ƙafa ya zo nan daga Haɗeja,
niyyarsa Makka, guzuri ya ƙare a bakin Nilu.
An ce a Wadai ya datse wuyan garayarsa
don ta shiga burgami.
Ni jikansa ban taɓa wuce Madani ba,
shago ya riƙe, gwiwa ta ƙiya.

Da asuba Tanimu ya tura ta bayan kujera.
Ta shiga cif, har da wurin tsumma.
Ya biya rabi, rabi sai albasa ta yi kuɗi.

Yau wata huɗu.
Wani yaron mota ya ce ya ji ta a Haiya,
wajen masu shayi, bayan lisha.
Ban tambayi sauran kuɗina ba.
Na ce, wuyan fa, yana nan a miƙe?
Ya ce bai duba ba,
shayinsa dai ya huce a hannu bai sani ba.

Na juya na ɗauki tsintsiya.