Litinin

Fim ɗin da harshen Fotugal yake,
ba mai jin ko sannu a cikinmu.
Na ɗaure farin zanin Laraba a bangon shago,
na ja janareta sau huɗu kafin ya kama.

Labarin masu cusa kifi a gwangwani ne, can bakin teku.
An garƙame ƙofa, an ce su dawo Litinin.
Shekara goma sha ɗaya Litinin ba ta zo ba.

Baba Jatau, da masaƙa ta cinye wa ji,
ya miƙe ana tsakar kallo,
inuwarsa ta rufe rabin fuskar jarumar.
Ya ce, "Wa ya kai musu labarinmu?"
Ba wanda ya ce masa zauna.

Kashegari 'yan jam'iyya suka dira da mota mai lasifika:
wai 'yan adawa suka biya aka shirya shi,
wai kwaɗon ƙofar ma irin na Kakuri ne.
Da la'asar 'yan adawar suka zo da tasu:
in haska a filin taro, su manna ɗan takara a gefe.
Kansila ya aiko takarda, hatimi biyu.

An ce can ƙasarsu ma haka aka yi,
waje ya ba shi kambu, gida ya hana shi allo.
Ashe kurar ɗaya ce, ramin ne daban.

Na naɗe zani na mayar wa Laraba.
Ta wanke, ta shanya.
Baba Jatau ya jawo benci gaban igiya,
yana kallon farin yana kaɗawa
har aka kira magariba.