Akwatin Ermanno

Shagon Ermanno yana bayan gidan rawa a Milan,
ƙasan bene, inda warin danƙo ya danne ƙanshin kofi.
Shekara hamsin yana ɗinka takalmin bale, bai taɓa sa ko ɗaya ba.
Ran da jikarsa Nives ta shigo da nata a yage,
tana ɗingishi, tana rantsuwa ita da rawa haihata-haihata,
bai tanka ba.
Ya jawo akwati daga ƙarƙashin tebur, ya hure ƙura.

Na farko mai tudun dunduniya ne, da maɓallin azurfa.
“Kwaikwayo ne, ni na yi shi.
Irinsa aka taka a fadojin Italiya, daga nan Faransa,
sa'ad da rawa ladabi ce, ba ta zama sana'a ba.
Bafade ya rusuna da lissafi, ya ja baya da lissafi,
tufa ta fi mai ita nauyi,
macen da ke fage ma sau da yawa namiji ne da fuskar aro.
A can aka yanka wa ƙafa tsayuwa biyar,
su ɗin nan da kike tsine wa kowace safiya.”

Na biyu shafal, kamar ganyen da aka taka.
“Wata ta rage tsawon siket don a ga idon sawunta,
gari ya ɗauka.
Aka sare tudun.
Tafin ƙafa ya san ƙasa, sannan ya koyi barinta.”

Na uku ya ɗago shi a hankali, da yatsa biyu.
Siliki ne, bakinsa duk ƙulle-ƙullen zare.
“Zamanin fitilar gas ke nan.
'Yan kallo sun gaji da sarakai, fatalwa suke so.
'Yan mata suka sa fari, suka hau kan yatsa,
babu abin da ke riƙe da su sai zare da taurin rai.
Wasu rigarsu ta shafi fitila.
Wuta ba ta san wasa ake yi ba.”

Nives ta daina murza ƙafa.

Na huɗu ya ƙwanƙwasa shi a tebur, ƙwas, ƙwas.
“Wannan namu ne. Yadi bisa yadi, danƙo a tsakani.
'Yan matanmu suka tafi da shi Rasha cikin dusar ƙanƙara,
suka yi juyi talatin da biyu a ƙafa ɗaya,
masu kujerun sama suna ƙirgawa da baki.
Rashawa suka ɗauki ƙarfinmu, suka ɗauki laushin Faransa,
suka zuba nasu faɗin ƙirjin,
har ɗalibi ya koma yana gyara wa malami tsayuwa.”

Ta leƙa akwati. Saura tsumma a naɗe, ba komai a ciki.
“Wannan fa?”
“Shi ya fi ba ni haushi.
Waɗanda suka tuɓe takalmi ne, suka ce ƙasa ba abokiyar gaba ba ce,
suka faɗi da gangan, suka birgima.
A New York kuma aka bar takalmin, aka yar da labarin,
ba gimbiya, ba tafki,
kiɗa kawai da jiki cikin baƙin kayan atisaye.
Na yi zagi shekara goma. Sai na je na gani.
Na dawo ban ci abinci ba.”

“To wanne ne na gaskiya, Kaka?”

Ya ce ta miƙo ƙafa.
Ya ɗora ta bisa takarda, ya zagaye da fensir,
ya sauko da katakon da ya sassaƙa mata bara, ya gwada.
Babban yatsa ya wuce layi da faɗin ƙwayar shinkafa.

Ya cire tabarau, ya daɗe yana gogewa.
“Ba rawa ce ta ƙi ki ba.
Ƙafarki ta yi gaba, ni na tsaya a bara.”

Sama da kansu, ta cikin silin,
fiyano ya fara darasin ƙarfe huɗu.
Ya ɗauki sabon katako da wuƙa.
Ita kuwa, ƙafa tsirara bisa siminti mai sanyi,
dugaduganta sun haɗu da kansu.