Adakar Bayan Ƙofa

Ranar da kwaɗin fadama suka sauya murya
na sauko da adakar daga kan rumbu.
Lawwali ya dube ni, goro a kunci:
"Kulu, bana ma?"
Bana ma.

Nan Wurno ce, gulbi maƙwabcinmu ne.
Shi ke ba mu shinkafa, shi ke shayar da albasa,
shi ne kuma waccan shekarar ya shigo ba sallama,
tsakar dare, ya kamo ni har ƙugu,
ya fita da tumaki huɗu, da buhu tara,
da hoton babana, ɗaya tak da aka taɓa ɗauka.
Ban riƙe shi a zuci ba.
Na dai san halinsa yanzu.

Takardar gona na naɗe a leda, na ƙara wata ledar.
Katin asibitin yara.
Ƙwayar hawan jinin Inno, ta sati biyu.
Ashana a kwalbar man shafawa, murfi a murɗe tam.
Tocila, da batir ɗin da na ɓoye wa Sahabi
don kar rediyo ya cinye.
Garin rogo, ƙuli-ƙuli, gishiri a ƙulli,
da 'yan canjin da ni kaina nake yi kamar na manta da su.

Hajo ta leƙo ta kan danga:
"Ke kullum cikin yi wa gari fatan tsiya.
Abin da Allah Ya rubuta, adaka za ta goge shi?"
Na ce, ba ta gogewa.
Amma Wanda Ya aiko ruwa, Shi Ya yi tudu,
Shi Ya ba ni ƙafa.
Kuma ni na taɓa fafe gora ranar tafiya, Hajo,
a duhu, da jariri a baya.
Ba na ƙarawa.

Da la'asar muka yashe kwata,
muka jera buhunan yashi a bakin zaure,
muka ɗaga gero kan katako, kamu uku daga ƙasa.
Lawwali na ƙunƙuni, amma shi ya fi kowa ɗaukar yashi.

Bayan isha'i na tara su a tabarma.
Sahabi, kai ne ƙafar Inno, goya ta za ka yi.
Ige, kwance awaki, kar ki ja su, sun fi ki sanin hanya.
Modi, riƙe zanina. Ko takalminka ya fita, kar ka juya.
In duhu ya raba mu, ba mai neman wani:
tudun makaranta, gindin tsamiya.
Lambar kawunku ta Sakkwato fa?
Suka rero ta kamar karatun allo,
Modi ya tsallake bakwai, muka koma farko.

Inno ta ce ita ba inda za ta,
a ɗakin nan aka kawo ta, a nan za a ɗauke ta.
Na yi shiru.
Da safe na tarar da carbinta da goronta
a cikin adakar, can ƙasa, ƙarƙashin gishiri.

Akwai turken da na kafa a bakin fadama,
na yi masa tsaga uku da wuƙa.
Ta fari, a sa ido.
Ta biyu, a kwana da takalmi.
Ta uku, ba a jiran kowa ya ce.

Jiya ruwa ya lashi ta biyu, ya tsaya yana tunani.

Yanzu dare ya raba, ana yayyafi.
Yara na barci, kawunansu na duban ƙofa.
Lawwali ya fita da tocila wai zai duba awaki,
na ji sawunsa ya yi hanyar turke.

In ruwa ya janye, bayan kaka
za mu buɗe adakar mu cinye ƙuli-ƙulin,
Hajo ta zo ta yi mini dariya, ta ɗebi nata.
Ina so ta yi dariyar.
Wallahi ina so.