Lissafin Barau Mai Gyaran Rediyo

Da hantsi na gyara rediyon Malam Ɗanladi,
na ɗiga dalma, na hure ƙura, na ɗaure waya.
Da ya farfaɗo bai ce mini sannu ba,
sai ya buɗe baki da muryar wani masanin ƙididdiga:
wai kuɗin da gwamnati ke kashe wa irinmu ya yi yawa,
wai rijiya ce marar gindi,
ana sakin guga, ba a jin ya taɓa ruwa.

Na rage masa murya.
Na yago bayan kwalin batir, na zaro fensir daga kunne.
Tunda lissafi ake so, zo mu yi shi a nan Tudun Wada,
a kan bencin da nake cin tuwona.

Keken nan mai ƙafa uku da nake murzawa da hannu,
shekara uku na yi ina bin sawunsa.
Ofishin yana saman bene,
matakala ashirin da biyu,
da gwiwa da tafin hannu na ƙirga su.
Hoto huɗu, takardar mai unguwa,
sai a ce dawo Talata,
Talata ta haifi Talata har ta yi jikoki.
Ranar rabo aka kafa rumfa, aka jera kujerun haya,
aka ce mu yi murmushi, mu kalli can.
An ce kuɗin rumfa da lemo ya sayi keke goma.
Ban ga rasit ba.
In haka ne, sa shi a layin asara,
amma kada ka rubuta sunana a gefensa.

Yanzu juya kwalin.

Rubuta bayan Inna Delu.
Ta goya ni har na shekara goma sha ɗaya,
daga Gyallesu zuwa duk inda aka ce akwai magani,
zani bakwai ya mutu a ƙuguna.
Har yau in ta tashi daga alwala sai ta dafa bango.
Mudu nawa ne wannan? A wace kasuwa?

Rubuta Hajo, ƙanwata,
da ta ajiye jakar makaranta ta kama hannun baro
tana tura ni, yara na bin mu da waƙa.
Ranar da keke ya shigo gida ta kakkaɓe jakar.
Yau tana Kongo, lissafin kuɗi take karantawa,
wata rana littafinka zai zo hannunta.

Rubuta Ilu, kurman da nake koya wa aiki,
ba ya jin rediyo, amma yatsansa na gane cutarsa.
Rubuta tikitin da nake yanka kullum,
mai karɓar haraji bai taɓa rage mini kuɗin ƙafa ba.

Ban ce baitulmali teku ba ne.
Ko Kubanni tana ja da baya da rani,
na san akwai aji ba benci, akwai asibiti ba allura.
Kuma na san sarƙar keken nan ta tsinke sau shida,
babu wanda ya ware mata sisi.
Kuɗin wata da aka yi alkawari ya zo sau biyu,
kamar baƙon da ya yi ɓatan kai.
Tanimu na Ƙofar Gayan, tare muka cike takarda,
sunansa na nan lamba ta arba'in da ɗaya,
shi kuma bara muka kai shi makwanci
a kan kafaɗu, yadda ya saba tafiya.
Shi bai ci muku ko kwabo ba.
To, shi ne ribar?

La'asar sakaliya Malam Ɗanladi ya zo,
ya miƙo ɗari biyar, ya ce, ya gyaru?
Na ce, magana kam yana yi, tar da shi.
Saurare ne ban samu wayarsa ba.

Na ninke kwalin, na cusa a ƙarƙashin ƙafar benci,
dama ta daɗe tana rawa.