Tafinta a Kotun Bajoga

Shekara ashirin da uku na yi a tsaye
tsakanin bakin alƙali da kunnen talaka,
ina auna Turanci da mudun Hausa.
Wata rana mudun ya cika har ya zube,
wata rana in kaɗe shi, ban ga ƙwaya ba.

Kalmomin Bature na buɗe wa mutum ƙofa
sun fi makullan da ke ƙugun gandiroba.
Akwai mai cewa, tafi, amma ka dawo ran Laraba.
Igiyar tana nan, tsawo aka ƙara mata,
ɗaya bakin yana hannun wanda ya tsaya maka.
Wannan muka ara, muka ce beli,
ba mu ko sauya mata riga ba.

Akwai wadda likita da alƙali ke ci a kwano guda:
tashi, wani zai hau gadon,
ba don cutar ta bar jikinka ba.
Akwai ta masu mulki ranar biki:
ka yi, mun gani, mun kau da kai.
Afuwa ke nan, rigar aro mai nauyi,
kowa ya san ba a kanka aka ɗinka ta ba.
Akwai kuma wata tsohuwa, tana barci a littafi,
ta kakan kakana, da aka karya masa mari
ya rasa garin da zai nufa.

Sai wata Talata.
Gidado ɗan Goggo Dudu, mai lodi a tasha,
wata goma sha ɗaya a tsare
kan buhun siminti bakwai.
Karo na shida mai ƙara bai zo ba.
Alƙaliya ta cire tabarau, ta murza ido,
ta faɗi kalma ɗaya.
Kalmar nan tagwaye ce, na sani,
na tsaya jiran 'yar'uwarta
kamar liman mai jiran amin.
Ta rufe fayil. Ba ta zo ba.

Na juya na ce, an sallame ka.
Goggo ta rangaɗa guɗa har masinja ya daka tsawa.

A gindin dogonyaro ta kamo hannun rigata.
Malam, ta ce, na ji an sallame shi.
To an wanke shi?

Matar da ba ta taɓa zama a aji ba
ta sa ƙafa daidai bakin ramin
da lauyoyi ke biyan kuɗi su koyi tsallakewa.
Na dubi takalmina.
Na ce, Goggo, yau a gida zai kwana.
Gaskiya na faɗa, amma ba amsa ba.

Da ina da zuciya, da na ce mata:
sallama ita ce a ce maka ka gaida gida,
wankewa ita ce gida ya amsa gaisuwar.

Har gobe a tasha Gidado Siminti suke kiransa.
Yana ɗaukar kaya, ana biyansa,
ba a dai bar masa gadin ko buhun gawayi ba.

Washegari Goggo ta aiko jikarta
da jan zakara, ƙafafu ɗaure da tsumma,
wai tukuicin bakina mai albarka.
Na tsuguna a tsakar gida na kwance shi.
Ya ci gaba da kwanciya a gefe guda,
ido ɗaya a sama, ƙafafu a haɗe,
tsumman yana hannuna.

Na laluba Turancina kaf, na laluba Hausa,
na taɓo 'yar Fulatancin da uwata ta bar mini.
Abin da ya sami zakaran nan
ban samo masa suna ba.
Na watsa masa dawa, na koma ɗaki.